Yadda Dakta Ruwaida Ta Koyi Kitso

Ruwaida Goni 'yar Fagge ce. Kakanninta daga Borno suka zo, kuma har yau gidansu da ƙamshin turaren wuta ake gane shi tun daga bakin layi. Fiziks ta karanta har ta zama Dakta, tana koyarwa a jami'a. A unguwa dai ba a taɓa gane wace irin Dakta ce ba. Mata sukan shigo mata da yaro mai zazzaɓi, ta ce ita ba ta allura ba ce, su fita suna cewa boko ya sa mata rowa.

Likitar gaske ita ce ƙawarta, Fathia Raji ta Sabon Gari, wadda ta ƙware kan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Tun suna sakandare suke musu, kuma ba su taɓa rabuwa ba.

Wata Asabar Fathia ta zo Fagge da damuwa. A asibiti suna da hula mai wayoyi da ake auna motsin ƙwaƙwalwa da ita, musamman ga masu farfaɗiya. Sai wayoyin sun taɓa fatar kai sannan na'urar take gani, gashin matanmu kuwa ba ya ba su hanya. Haka za a ce wa mace ta je ta tsefe kai ta dawo, da yawa kuma ba sa dawowa.

Ruwaida ta ce, "Wannan ai matsalar wuta ce. Ki bar mini."

Fathia ta ce, "Na bar miki. Amma kan mutane ne fa, ba rediyo ba."

Ruwaida ta ƙera wasu 'yan maƙalai masu haƙora kamar na mataji, waɗanda za su zauna a cikin tsagar kitso. Sai dai dole tsagar ta bi ta wuraren da likita ke son aunawa. Nan aka samu cikas, domin Ruwaida, mai digiri uku, ko kalaba ba ta iya ba. Ta duba gidan tana neman kan da za ta koya a kai, idonta ya sauka a kan mahaifiyarta, Hajiya Yakaka.

Hajiya ta zauna a tabarma, Ruwaida na bayanta da kibiya a hannu ɗaya, awon tela a ɗaya.

"Ke Ruwaida, kitso za ki yi mini ko hula za ki ɗinka?"

"Inna, ki daina motsi, kina ɓata mini lissafi."

"Ina kuka da ke tun kina ƙarama ki koya, kika ce karatu kike yi. Ashe karatun nan zai kawo ki."

Kitson farko ya fito kamar kunyar da mashayi ya yi a gona. Hajiya ta duba madubi, ta ɗaure ɗankwali tamau, ta fasa zuwa sunan da aka gayyace ta. Amma da mako ya zagayo ita ce ta tsefe kanta ta kira 'yar. Sun yi watanni a haka. Ranar da Fathia ta kawo na'urar gidan aka maƙala wayoyin, sai ga layuka suna tafiya a fuskar kwamfuta tsaf, babu hargitsi. Fathia ta kalli layukan, ta rungume Ruwaida.

Sun gwada a kan marasa lafiya da izininsu, suka rubuta sakamakon tare. Musun sunan wa zai zo farko ya kusa cinye musu azumi guda, daga ƙarshe suka bi jerin haruffan sunan yanka, na Fathia ya zo farko, Ruwaida tana cewa an yi mata wayo tun ranar suna. Da binciken ya fito, masana daga ƙasashe daban-daban suka riƙa ambatonsa a nasu ayyukan. Wasu suka nemi a aika musu maƙalan, wasu suka nemi a yi aiki tare. A ɗakin gwajinta yanzu har ɗalibai maza suna riƙe kibiya.

Bara wani farfesa daga ƙasar waje ya ce yana son ya gode wa wadda aka fara gwajin a kanta. Aka shirya kiran bidiyo. Hajiya ta yafa laffaya mai tsada, ta turara jiki, duk da an gaya mata waya ba ta kai ƙamshi. Farfesan ya yi dogon jawabi, Ruwaida tana fassarawa, sannan ya tambaya ko Hajiya na da abin cewa.

Hajiya ta ce, "Ki gaya masa na gode. Ki kuma gaya masa har yanzu hannunki da zafi."

Ruwaida ta juya ta ce masa Hajiya tana gaishe da iyalinsa.

Fathia, wadda ke zaune a gefe tana cin dabino, ta matso ta karɓi wayar, ta fassara masa sauran.