Bakin Madubin Malam Zakariyya'u

Gilasan taga ne suka haɗa ni da Malam Zakariyya'u. Iskar farkon damina ta fasa mini wasu a gidana na Narayi, wani maƙwabci ya ce akwai mai yankan gilashi a Makera wanda awonsa ba ya kuskure. Ya zo da keke, dogon mutum mai furfura a gemu, da tef ɗin awo a aljihun gaba. Yana cikin aiki ya hangi tsohon littafin kimiyyar da na koyar da shi shekaru masu yawa, da hoton Zuhal a bangonsa, wato tauraron nan mai zobe. Ya ajiye abin yankansa ya tambaye ni ko na taɓa ganinsa da idona.

Na ce masa na taɓa. A makarantar mishan da na yi, wani Fada yana da madubin hangen nesa na tagulla. Yakan kafa shi a filin ƙwallo bayan cin abincin yamma, mu jeru aji-aji, kowa hannunsa a baya don kada ya taɓa ƙarfen. Malam Zakariyya'u ya ce shi ma ya gani sau ɗaya, yana saurayi, a ƙofar masaƙar da ya yi aiki a Kakuri. Wani injiniya Ba'indiye ne ya kafa nasa lokacin canjin ma'aikata, ya bar duk mai so ya leƙa. Ya ce tun ranar bai daina tunanin abin ba.

A Makera aka haife shi. Ya shiga masaƙa yana da ƙuruciya, a sashen rini, ya zauna a nan har aka rufe ta. Bayan haka ya koyi yankan gilashi, ya buɗe ɗan shago a bakin titi, da shi ya aurar da 'ya'yansa, saura Sadiya da ke karatun jinya. Lokacin da aka sayar da injinan masaƙar ga masu tsohon ƙarfe, ya bi su ya karɓo faifan gilashi guda biyu masu kauri, faɗin inci shida, waɗanda a da tagogin leƙa cikin tukunyar rini ne. Sun yi shekaru a ƙarƙashin gadonsa. Sai da Sadiya ta nuna masa a wayarta yadda mutane ke goga gilashi da gilashi har ɗaya ya yi kwarmi ya zama madubin kallon taurari, sannan ya fito da su. Bayanin da Turanci ake yi, da sauri. Abin da ya nema a wurina ke nan, in riƙa fassara masa.

Haka na soma hawa keke-napep zuwa Makera duk Asabar. Ya kafa duro a bayan shago, ya cika shi da yashi, ya ɗora faifai ɗaya a kai. Ɗayan yana hannunsa, yana turawa yana jawowa da garin dutsen wasa da ruwa a tsakani, yana zagaya duron a hankali. Matarsa, Kulu, takan ce ta auri mutum ta wayi gari da raƙumin niƙa. Wannan aikin ya ci kusan shekara, daga gari mai kauri zuwa mai laushi.

A cikin shekarar ne Sadiya ta lura yana cin karo da gefen ƙofa, ta tilasta masa zuwa asibitin ido. Likita ya ce hawan jinin ido ne. Na hagu ya riga ya tafi kusan duka, bai sani ba. Na dama yana raguwa daga gefe zuwa tsakiya, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Aka ba shi maganin ɗigawa. Da ya gaya mini, bai yi dogon bayani ba.

"Malam Matiyu, so nake in ga zoben nan da madubina kafin wannan ɗin ma ya rufe. Shi ke nan."

Daga nan ya shiga sauri. Matakin ƙarshe shi ne goge fuskar gilashin har ta yi sheƙi, kuma ana yinsa ne a kan faifan da aka shafe da kwalta, da hodar goge gilashi irin wadda yake da ita a shago. Ya samo kwalta wurin masu facin titi, ya narka ta a tukunyar miyar Kulu, abin da har yau ba ta yafe ba. Watan Maris ne. Da safe yana da masu saye, don haka sai bayan azahar yake gugar, ƙarƙashin rufin kwano, lokacin da ko kujera ka taɓa sai ka ji ɗumi. Ni da shi ba wanda ya kawo komai a ransa. Mutanen da muke kallo a waya suna aiki ne sanye da rigunan sanyi.

Da fuskar ta yi sheƙi muka shirya gwaji. Shagon bai kai tsawon da ake bukata ba, sai muka koma soron gidansa, muka rufe ƙofa da tabarmi da rana tsaka. Madubin a jingine a can ƙarshe, mu a nan da ƙaramar tocila da aka rufe bakinta da takardar gwangwani mai tsaga siririya. Ana kallon hasken da ya dawo ta cikin wani ɗan matankaɗi mai layuka. Shi ya haɗa nasa, ya naɗa siririyar wayar tsohuwar fanka a kan ƙusoshi biyu irin waɗanda ake murɗa wa noti, layi kusa da layi, da haƙurin mutumin da ya yi rayuwarsa cikin zare. Idan kwarmin madubi ya yi daidai, za a ga layuka baƙaƙe a miƙe daga sama har ƙasa.

Shi ya fara dubawa. Ya daɗe, yana karkata kai, sannan ya ce yana ganin layukan amma bakinsu ya ɓace masa cikin hazo, in duba masa. Na duba. A tsakiya layukan a miƙe suke, gwanin kyau. Amma da suka kusa baki, kowanne ya lanƙwashe kamar ƙugiya, zagaye da madubin duka, faɗin kusan ɗan yatsa.

Na gaya masa abin da na gani. Bakin madubin ya zube, ya yi ƙasa da inda ya kamata. Bambancin ba wanda hannu zai ji ba ne, bai kai kaurin gashi ba ko kusa, amma hasken da ya faɗa wurin zai watse ya lulluɓe sauran, tauraro ya fito da hazo kewaye da shi, ratar da ke tsakanin Zuhal da zobensa ta cike. Ya ɗauko faifan kwaltar ya danna farcensa, farcen ya nutse kamar a tuwo. A zafin nan kwaltar ta yi laushi, duk turawar da ya yi sai ta naɗe bakin gilashin ta cinye shi.

Gyaran da aka sani shi ne a sauke dukan sauran fuskar har ta tarar da bakin. Ya sake dafa kwalta har ta yi tauri, ya koma aiki bayan sallar asuba kafin rana ta taɓa kwano, da gajeren turi, ba gaggawa. Damina ta shigo ta taimaka da sanyi. Amma aiki ne mai tafiyar hawainiya, kuma bayan kowace guga sai an bar gilashin ya huce kafin a gwada. Gwajin ma ya zama nawa, don shi ya daina yarda da idonsa. Duk Asabar yakan tsaya a bayana cikin duhun soron, ina jin numfashinsa, ya ce, "Yaya ƙugiyar?" Wani lokaci tirela ta wuce a titi layukan su yi ta rawa, mu jira. Wani makon in ce ta ragu. Wani makon ba na iya rantsuwa cewa ta motsa. Akwai Asabar da na tarar ya matsa wa tsakiya har ta yi rami, aka yi makonni ana gyara wannan.

Ni kuma ina lura da abin da ba ya faɗa. Ya soma lalubar kofin shayi kafin ya ɗauka. Ya bar hawa keke. Wata rana ya yanka gilashin wani mutum ba daidai ba, abin da Kulu ta ce ba ta taɓa ji ba tun aurensu. Da ruwa ya fara ɗaukewa ƙugiyar ta ragu zuwa rabi, ta tsaya a nan. A lissafina, sauran zai kai mu wata shekarar. Sadiya ta raka shi asibiti ta dawo, ta same ni a ƙofar shago ta ce a hankali, "Baba Matiyu, awon bai yi kyau ba. In akwai abin da za ku gani, ku gani bana."

Na ba shi shawara mu yanka zoben baƙin kwali mu rufe bakin da ya lalace. Za a rasa ɗan haske, amma abin da ya rage zai fito tsaf. Ya ƙi. Ya ce kwali zai jiƙe ya karkace, kuma shi bai taɓa miƙa wa mutum gilashi da aibi a ɓoye ƙarƙashin firam ba. Kulu, da ke tankaɗe a tsakar gida, ta ce to ya zauna da gaskiyarsa har tauraron ya gaji ya koma gida.

Ya kwana biyu yana juya maganar. Ranar Asabar ya ce zai ɗauke bakin da dutse, yadda yake kashe kaifin gilashin tebur. Dutsen wasa a kan fuskar da aka yi fiye da shekara ana gogewa: ƙwayar gari ɗaya ta gangara ciki ta ja layi, ko baki ya ɓalle ya tafi da ɓari, an koma farko, kuma babu lokacin komawa farko. Na faɗa masa haka. Ya ce ya sani, amma wannan aikin yatsunsa sun san shi tun kafin idonsa ya fara ciwo.

Ya rufe fuskar madubin da takarda mai tsabta da salatif, ya bar bakin kawai. Ya zauna a kan turmi da madubin a cinyarsa, Sadiya tana zuba ruwa daga buta a hankali ba yankewa. Yana jan dutsen daga ciki zuwa waje, ya juya madubin kaɗan, ya sake ja, babban yatsansa na bin wurin. Bai ko sunkuyar da kai ba, fuskarsa na kallon bango. Sau ɗaya muka ji wani ɗan ƙas, ruwan butar ya tsaya. Ya shafa wurin ya daɗe, ya ce ƙwaya ce ta fita ta waje, Sadiya ta ci gaba. Ni dai ban iya zama ba.

Da aka wanke aka ɓare takardar, na kai shi soro. Layukan sun miƙe daga baki har baki. Akwai ɗan karce guda kusa da gefe, gajere, wanda ba zai hana komai ba.

Shafa azurfa a fuskar ni na yi, da magungunan da wani tsohon abokin koyarwata ya samo mini. Bututun da muka sa madubin a ciki na roba ne irin na ruwa, gilashin leƙawa kuma daga wani mataccen madubin ɗakin gwaji. Muka kafa shi a tsakar gida wata yamma a watan Oktoba, bayan ya dawo daga magariba, sama ta wanku. Na nemo Zuhal. Ga shi nan, ɗan ƙarami, fari-rawaya, zoben a fili, da baƙar rata a kowane gefe.

Na matsa gefe na ba shi wuri. Ya kai ido ya rasa ramin leƙawar, ya laluba da yatsa ya samu, ya ce duhu kawai yake gani. Kafin ya daidaita kansa tauraron ya fice, don ba ya tsayawa wuri ɗaya. Na dawo da shi tsakiya. Ya sake gwadawa, goshinsa ya bugi bututun, komai ya kauce. Na sake nemowa. A karo na gaba Sadiya ta riƙe kansa da hannu biyu ta baya, ta kai shi a hankali. Ya daɗe yana kallo har na ɗauka tauraron ya sake ficewa.

"Ya fi ƙanƙanta a kan yadda na tuna," in ji shi.

Na tambaye shi ko yana ganin ratar. Ya ce ta dama yana ganinta sosai, ta hagu tana zuwa tana tafiya. Sannan tauraron ya fita, ya ɗago ya goge idon da gefen rigarsa.

"Dawo mini da shi, Malam Matiyu."