Wutar Hannun Baba

Babanmu mai gyaran ƙarfe ne a Argungu. Rumfarsa ba ta da nisa da tasha, kuma cikin kayan aikinsa babu abin da yake ji da shi kamar wutar hannu. Bututu ne na tagulla da bai kai kamu biyu ba, da mariƙi na katako da ɗan abin murɗawa, an haɗa shi da tiyo zuwa tukunyar gas. Da ita yake narka dalma ya liƙe lagireton mota idan yana yoyo. Da ita yake toshe hujin buta, ya gasa ƙarfe har ya yi laushi ya lanƙwasa shi yadda yake so. Ranar layya maƙwabta su yi ta kawo kai da ƙafa a babbake musu, yana mita wai wutarsa ba ta mahauta ba ce, yana yi.

Shekarar da idonsa ya fara yana, bai gaya wa kowa ba. Ni a lokacin ina koyarwa a wata firamare a Birnin Kebbi, ina zaune da maigidana a Gwadangaji, sai ƙarshen wata nake leƙa gida. Inna ce ta kira ni ta ce Baba ya ƙona lagireton wani direba, abin da bai taɓa yi ba. Bayan kwana kaɗan ta sake kira. Da tsakar rana ya miƙa hannu zai ɗauki guduma, ya ratsa ta cikin wutar. Idan ta yi shuɗi ba ta cika ganuwa a hasken rana ba, shi kuwa ya daina ganinta gaba ɗaya. Bayan hannunsa na hagu ya saluɓe.

Da na zo na tarar ya kwashe kayan daga rumfa. Ya naɗe tiyon, ya sa bututun a buhu ya rataye a zaure, tukunyar gas tana lungu an kifa mata kwando. Shi kuma yana kan tabarma da carbi, hannu a naɗe da tsumma.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana. Na durƙusa na gaishe shi, na ce mu je Birnin Kebbi a duba idon.

"Uwata, tsuhwa ne," in ji shi. "Likita na da maganin tsuhwa?"

Na ce yanar ido ce, ana cirewa, wata malama a makarantarmu an yi wa mahaifiyarta.

"Da wuƙa?"



Wata biyu muna wannan ja-in-ja. Abin da ya karya shi, ranar wata Juma'a ya gaida wani mutum har da rusunawa, ashe ƙanensa ne da suke ciki ɗaya. Da ya dawo gida ya ce wa Inna ta kira ni.

Aka yi aikin a idon dama. Washegari aka cire bandeji, ma'aikaciyar jinya ta ɗaga yatsu, ya ƙirga daidai har sau uku. Ni har na fara hamdala da ƙarfi. A cikin keke mai ƙafa uku, muna komawa Gwadangaji, na ce, "Baba, kana gani ke nan!"

"Na ga yatsu," ya ce, ya juya fuska.

Likita ya hana shi kusantar wuta da hayaƙi har mako shida, ya ba shi baƙin tabarau da maganin ɗigawa. A gidana ya yi makonnin nan. Yana cin abinci, yana fita masallaci shi kaɗai, amma fara'a babu. Duk tambayar da na yi masa kan idon, amsar ɗaya ce: da godiya. Na fara zargin ko aikin bai yi kyau ba yana ɓoye mini don kada in ji na jawo masa. Ni ce na matsa. Wannan tunanin ya hana ni sakat, har a aji sai in tsaya da alli a hannu in manta abin da nake rubutawa.

Da likita ya sallame shi na raka shi Argungu ranar Asabar. Ko ruwa ba mu gama sha ba aka yi sallama. Wani manomi ne daga Gulma, tsohon mai kawo masa aiki, ya ɗauro injin ban ruwa a bayan babur. Ambaliyar damina ta shanye injin a fadama, yanzu ga shinkafar rani tana neman ruwa, wani babban noti ya ci tsatsa ya ƙi kwantuwa, ba damar a buɗe a gyara. Ƙarti biyu sun hau sifana sun kasa. Wani ya ce a yanke, shi kuma yana tsoron a lalata injin.

"Kai shi wurin yaran tasha," in ji Baba. "Ni na aje aiki."

Manomin ya sauke injin a ƙofar gida, ya cire takalmi ya zauna a gefen tabarma, ya ce:

"Baba, can na hito. Su sunka ce in zo nan."

Inna, wadda ba ta taɓa sa baki a harkar rumfa ba, ta fito da mayafinta, ta sauke buhun daga ƙusa ta ajiye gaban Baba, ta koma ciki.

Ya daɗe yana kallon buhun. Can ya ce wa manomin ya tsiyaye man da ke cikin injin tas, ya cire tankin ya kai nesa. Ya ce a jawo tukunyar gas. Ya ɗaura tiyon da kansa, ya shafa ruwan sabulu a mahaɗar ya ga ba ta kumfa. Sannan ya ƙyasta ashana.

Wutar ta tashi ja, doguwa, tana lilo. Ya fara murɗawa a hankali. Wutar ta gajarce, jan ya ɓace, ta koma shuɗiya tana huci, har ni mai lafiyar ido da kyar nake ganinta a hasken nan. Ya ɗaga tabaran zuwa goshi, ya ƙura mata ido.

"Uwata, matso. Kin ga ɗan tsinin ga na ciki?"

Na leƙa. Na ce ban gani ba.

Ya ɗauki guntun waya ya kai daidai wani wuri a cikin wutar, nan take bakin wayar ya yi jawur.

"Ga shi nan. Nan zahin yake." Sai ya yi dariya, irin wadda rabona da jinta tun kafin ya ƙone. "To wa za a kai asibiti yanzu, ni ko ke?"

Ya juya kan notin, yana zagaya shi da wutar ba ya barinta wuri ɗaya. Tsatsar ta riƙa fashewa tana tartsatsi. Da notin ya fara ja ya kashe wutar, ya ƙwanƙwasa shi sau biyu da guduma, ya sa sifana ya danna da hannu ɗaya. Notin ya yi ƙara, ya juya.

Manomin ya yi kabbara. Ni kuwa na zauna daɓas a ƙasa da kayan fitata. Sai a lokacin na ga na cukuikuye bakin mayafina har ya jiƙe da gumi. Daga bayan ƙyaure na ji Inna tana fyace hanci.

Da yamma ya gaya mini dalilin shirunsa. Ya ce yatsu da fuskoki da layin masallaci duk ya gan su tun ranar farko, amma bai san ko zai ga wutar ba, kuma yana tsoron ya kunna ya tarar babu. Shi ya sa ya gwammace kada ya gwada.

Ya koma rumfa, daga safe zuwa azahar kawai. Bayan an yanke shinkafa lokacin aikin idon hagu ya yi, ban ma san ya taso ba sai da ya kira ni daga tashar Birnin Kebbi. Kafin mu wuce asibiti ya shiga kicin ɗina neman ruwa, ya tarar na ɗora shayi a kan gas. Ya sunkuya ya dubi gindin tukunyar shayin.

"Wagga wuta taki ja ta yi yawa, hujin ya toshe. Kashe, ki ba ni allura."

Muka makara da kusan rabin awa.