Tashoshin Ikko a Bakin Iya Hanne

Shekarun fari sun same ni ina 'yar shekara tara, a wani ƙauye kusa da Minjibir. Gero ya ƙi yin ido, gyaɗa ta ƙone tun tana fure, har aka daina leƙa rumbunan gidanmu. Sau ɗaya ake ɗora tukunya, bayan magariba. Mu yara mukan kewaye wutar karan dawa muna jiran ganyen tafasa ya nuna. Kakarmu Iya Hanne, mahaifiyar babanmu, takan zauna a kan turmin da aka kife, tana ba mu tatsuniya don mu manta da ciki.

A lokacin ne ƙanena Sani ya rasu, ko yaye ba a yi masa ba. Mahaifiyarmu, Inna, ba ta yi kuka ba. Takan zauna jikin katanga ta zuba wa ƙasa ido, a ajiye mata kwano a ɗauke shi yadda yake. Mata masu zuwa gaisuwa har sun fara kallon juna. Ni ma ban ji komai ba, sai yunwa.

Ran kwana huɗu Iya ta gyara zama ta ce, "Yau babu tatsuniya. Tashoshin jirgin Ikko zan faɗa muku."

Ta zauna a can shekaru da yawa tare da kakanmu Malam Idi, wanda yake dakon buhunan gyaɗa. Ta shiga lissafa su kamar mai jan carbi. Agege, inda Hausawa masu goro suke sauka. Ebute Metta, inda ake gyaran kan jirgi, guduma ba ta shiru. Apapa, inda aka ja reshen dogo don gyaɗar Kano ta isa bakin teku. Sai Iddo, ƙarshen hanya.

"Da na fara ganin Iddo, tsohuwar tasha ce, hayaƙi ya cinye rufinta," in ji ta. "A kan idona aka yi sabon gini. A kan idona jirgin kwal ya tafi, mai shan mai ya zo."

Ta tura kara cikin wuta, muryarta ba ta sauya ba.

"Ranar da na fara sauka Iddo, da gawa na sauka."

'Yarta ta fari ce, Ladi. Iya ta taso daga Kano goye da ita za ta je wurin miji, yarinyar tana fama da zazzaɓi. Suna wuce Agege ta ji bayanta ya yi sanyi.

"Ban kwance zanin ba. Wata Bayarabiya da ke kusa da ni ta miƙo min lemo, na karɓa na sha. A Ebute Metta jirgi ya daɗe a tsaye, ina ta sauraron guduma. Da muka isa, kakanku yana bakin ƙofa yana murmushi, ya miƙo hannu zai karɓi 'yar da bai taɓa gani ba. Na ce masa, Malam, a nemo mai wanka."

Hausawan tasha ne suka yi mata sutura. Washegari Iya ta share ɗaki, ta yi wanki, ta dafa abinci. Hawaye bai zo mata ba sai bayan wata bakwai, tana wanke ƙwarya.

Daga jikin katanga sai muka ji muryar Inna, karon farko tun rasuwar.

"Iya, kin ji ɗanɗanon lemon?"

"Ban ji ba. Amma na shanye."

Inna ta jawo kwanonta ta ci loma uku.

Na daɗe ina ɗauka tsufa ne ya sa Iya ta yi ta jero wa yara masu yunwa sunayen tashoshi. Sai da na rasa nawa mijin, na zauna cikin mata idona a bushe ina jin kunyar kaina, sannan na gane. Ba mu take yi wa ba. Doguwar hanya ta bi don ta isa ga surukarta ba tare da ta kira sunanta ba, ta shaida mata cewa bushewar ido ba rashin ƙauna ba ce, kuma ba laifi ba ne.

Inna ta yi nata kukan da ruwa ya dawo, a gona, tana tsakiyar shuka. Babanmu ya ajiye sungumi zai nufe ta, Iya ta riƙe masa riga.