Malama Sauke

Ranar Talata, tara ga watan nan, da hantsi, Allah Ya karɓi ran matar da mu masu ciwon huhu muke kira Malama Sauke. Daga wurinSa muka fito, kuma can za a tattara mu, wanda ya shirya da wanda bai shirya ba. Ta rasu a gidanta, a zaune, bayan doguwar jinya. Ta bar miji da 'ya'ya mata biyu da mahaifiya mai yawan shekaru. Ta kuma bar mu, tarin tsofaffi masu tari da haki, waɗanda ba jini ne ya haɗa mu da ita ba, amma ba don ita ba da yawancinmu tuni sun daina leƙa ƙofar gida.

Ni ya kamata a rubuta wa ta'aziyya, ba ke ba. A haife na haife ki. Ƙuruciyata duk a masaƙa ta ƙare, a ɗakin da ake sharce auduga, inda ƙura ke sauka a gira da gashin ido har mutum ya fito kamar an barbaɗa masa gari. Muna dariyar juna a bakin get, ba mu san irin wadda ke sauka a ciki ba. Lokacin da aka turo ni wurinki, daga gadona zuwa banɗaki sai na tsaya na dafa bango. Na riga na raba kayan ɗakina a zuciyata, na san wadda za ta ɗauki keken ɗinki da wadda za ta ɗauki madubi.

Ke ba likita ba ce mai rubuta magani. Aikinki a asibiti shi ne koya wa masu ciwon ƙirji yadda za su yi numfashi, a wani ɗaki na ƙarshen baranda mai kujerun roba da gado ɗaya da fanka mai ƙara. Da 'yata ta gaya mini abin da za a yi mini a can, sai da na yi mata tatas. Na ce tun kafin a haifi malamar nan nake numfashi, yau kuma ita za ta koya mini? Haka na shiga ɗakinki fuska a murtuke, na ƙi amsa gaisuwarki da kyau. Ke kuwa ko a jikinki.

A ranar ma abin ya taso mini a gabanki, saboda tafiyar barandar. Ƙirjina ya cika tam, iska ta ƙi shiga, idona ya fara ganin duhu-duhu. 'Yata ta rikice, tana jijjiga ni tana faɗin abin da kowa ke faɗa wa wanda numfashi ya sarƙe masa, wai in ja numfashi, in ja da ƙarfi. Ina ja, yana ƙara toshewa. Kika janye ta gefe a hankali, kika sunkuyar da ni gaba, gwiwar hannuna a kan cinya, kika ɗora tafinki a cikina.

"Mama, kada ki ja," kika ce. "Sauke. Tsuke bakinki kamar mai hura shayi, ki sauke."

Na ɗauka ba ki da hankali. Mutum yana neman iska a ce ya fitar da 'yar wadda ta rage masa? Amma ba ni da ƙarfin gardama, sai na bi. Na hura a hankali, na sake hurawa, tafinki yana bin cikina. Can sai na ji wata 'yar iska ta shigo da kanta, ba tare da na roƙe ta ba.

Bayan na dawo hayyacina kika yi mini bayanin da har yau ban manta ba. Kika ce huhu ba shi da ƙarfin kansa, bin umarni kawai yake yi. Mai aikin wata tsoka ce shimfiɗaɗɗiya a ƙarƙashinsa, wadda ta raba ƙirji da ciki, tana zaune kamar kwano a kife. In ta ɗaure sai ta yi ƙasa, ciki ya turo gaba, ƙirji ya sami fili, iska ta shigo. Tsokokin da ke tsakanin haƙarƙari suna taya ta, suna buɗe ƙirjin ta gefe. In ta saki, huhu mai lafiya yana komawa da kansa ya fitar da iskar, ba sai an wahala ba. Nawa huhun kuwa, kika ce, ya zama kamar robar tsohon siket, ya miƙe ya ƙi komawa. Tsohuwar iska tana maƙale a ciki, ta danne kwanon nan ya baje, ni kuma ina ta cusa sabuwa a ɗakin da ya riga ya cika. Na ce to a sauya mini robar mana. Kika yi dariya kika ce telan da ya ɗinka ba ya karɓar gyara.

Daga nan kika kafa wa kafaɗuna ƙahon zuƙa. Duk wanda ya zauna a ɗakinki ya san wannan faɗan. Mu masu haki da wuya da kafaɗa muke numfashi, muna ɗaga su har kusa da kunne, jijiyoyin wuya su fito raɗa-raɗa. Kika ce waɗannan 'yan taimako ne na ranar gudu, ba a ɗauke su aikin kullum ba, shi ya sa muke gajiya tun kafin azahar. Da kin ga kafaɗar mutum ta tashi sai ki taɓa ta da yatsa biyu ki ce sauke. Akwai wani tsohon direban babbar mota a cikinmu, mutum mai baki, shi ya fara ce miki Malama Sauke, wai ko ɗan dako bai kai ki son a sauke kaya ba. Sunan ya bi ki har masu shara da masu gadi da shi suke kiranki, kuma ban taɓa ganin kin ɓata rai ba.

Ba ki da sauƙi, kada a ce don kin mutu na shafa miki mai. Ranar da na ce miki na gaji, a bar ni in mutu a gadona, ba ki lallashe ni ba. Kika ce mutuwa ba ta buƙatar taimakona, in tashi mu je matakala. Akwai 'yar matakala a bayan ɗakinki, a nan kika koya mana hawa: a tsaya a shaƙa, sannan a taka ana saukewa, kada a taɓa ɗaga ƙafa da numfashi a riƙe. Na zage ki a zuciyata ba sau ɗaya ba. Amma da wannan hawan na koma zuwa kasuwa da ƙafata, na ɗauki jikata ranar da aka haife ta, na zagaya ɗaki da ita ba wanda ya ce in kawo ta kada in faɗi.

Ciwonki ta hannu ya fara. Mun lura kofi yana suɓuce miki, kuma tafin da kike ɗora mana ya rage nauyi. Direban nan ya tsokane ki wai maigida ya hana ki abinci, kika yi murmushi kawai. Daga baya muka daina ganinki, aka kawo wani saurayi a madadinki, mai ladabi da sanin aiki, shi ya gaya mana gaskiya da muka matsa masa. Ya ce cuta ce da ke kashe jijiyoyin da ke kai saƙo ga tsoka, ɗaya bayan ɗaya, kuma ba ta da magani. Ba wanda ya tambaye shi inda za ta ƙare. Ke kika koya mana cewa numfashi ma tsoka ce ke yin sa, don haka duk mun sani. 

Tun daga ranar ba ni da wani buri sai in gan ki kafin ɗayanmu ta tafi. Matsalar ita ce a can saman wani dogon bene kuke zaune, ba na'urar hawa, ke ba ki iya saukowa, ni kuma ciwona ya ƙara gaba. 'Yata ta ce ba da ita ba. Ta ce in na faɗi a matakalar mutane me za ta gaya wa 'yan uwanta, in yi miki waya mana. Na ce muryarki ta riga ta shige, a waya me zan ji? Muka yi kwanaki ba ma ga maciji. Da ta ga na ɗauki mayafi da sandata zan fita ni kaɗai, sai ta bi ni tana ƙunƙuni.

Ban taɓa ganin matakala mai mugunta irin taku ba, ƙunci ga tsayi, ga warin fenti. Na tsaya a ƙasa na dube ta. Sai na yi yadda kika ce. In tsaya in shaƙa, in taka ina hurawa. A kowane kwana sai na jingina da bango, na sunkuya, na jira kafaɗuna su sauka. Wata maƙwabciyarku ta fito da kujera, na ƙi zama, don na san in na zauna ba mai tayar da ni. A tsakiyar hanya ƙirjina ya cika, duhun nan ya fara zuwa, na ji tsoro ƙwarai, na ce yau ƙarshena a matakalar mutane ne kamar yadda yarinyar nan ta faɗa. Na tsuke baki na yi ta hurawa har ya wuce. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba, na dai san rana ta karkata kafin mu ƙwanƙwasa ƙofa.

Maigidanki ya buɗe. Kina zaune a kujera kusa da taga, an tokare ki da matasai, domin kwanciya ta gagare ki: in kin miƙe, kayan ciki sai su danne tsokar da ba ta da sauran ƙarfin ture su. A gefenki ga injin da ke tura miki iska ta abin rufe hanci. Kika sa aka cire miki shi don ki yi magana. Abin da na gani a lokacin shi ya fi komai ƙona mini rai. Kafaɗunki suna tashi har kunne. Jijiyoyin wuyanki sun fito. In kin shaƙa, cikinki ciki yake shigewa maimakon ya turo. Da ban san ma'anarsa ba da na sami sauƙi, amma kin riga kin koya mini karatun.

Kin ga inda idona ya tsaya. Da 'yar muryar da ta rage miki, kalma biyu ki huta, kika ce tun daga hawa na ƙasa kike jin hurawata, kin gaya wa maigida wannan ɗalibarki ce, a ɗora ruwan shayi. Sannan kika ce, "Mama, huhuna lafiya lau. Ke kuma tsokarki lafiya lau. Da za a haɗa mu, da an sami mutum guda."

Na yi dariya, dariyar ta koma kuka, kukan ya koma tari. Kika ɗago yatsu biyu da ƙyar, ba su kai kafaɗata ba, sai na sunkuyo na kai musu ita. Na tambaye ki ko kina jin tsoro, don ni ba na iya ɓoye tambaya. Kika ce wani lokaci, musamman in kin dubi yaran. Amma ƙarshen kansa ba ya ba ki tsoro.

"Ja ne aiki, Mama. Saukewa ba ta neman ƙarfin kowa."

Wannan ce maganarki ta ƙarshe da na ji. Aka mayar miki da injin, na zauna riƙe da hannunki har shayin ya huce ban sha ba.

Maigidanki ya ce ranar Talatar kin karya, kin yi wa yaran sallama sun tafi makaranta, kina kallon taga. Yana gyara miki matashi sai ya ga kafaɗunki sun sauka, sun zauna a inda Allah Ya halicce su, karo na farko cikin watanni. Ya ce har ya yi murna, ya ɗauka sauƙi ne ya samu. Ya jira su sake tashi, ba su tashi ba.

'Yata ce ta kawo mini labarin, ina tsakar gida ina shanya. Ban san na zauna a ƙasa ba. Ƙirjina ya toshe irin toshewar da ban taɓa ji ba, kuma abin da ya fara zuwa raina shi ne yau babu ke, babu wanda zai fitar da ni. Yarinyar ta rikice kamar ranar farko, na ji ta fara cewa, "Mama, ja..." sai ta fasa. Ta durƙusa, ta sunkuyar da ni gaba, ta ɗora tafinta a cikina. Tana kuka ta ce, "Sauke, Mama. Sauke." Da muryarta ta faɗa, amma kalmomin naki ne. Shi ya sa nake raye har na rubuta wannan.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki, wanda ya yi jinyarki bai taɓa nuna gajiya a gabanki ba, da 'ya'yanki biyu, da mahaifiyarki da ta ga abin da kowace uwa ke roƙon kada ta gani, da abokan aikinki, da 'yan ɗakinmu masu kujerun roba. Allah Ya ba ku haƙurin da ya fi ƙarfin wannan rashi, Ya raya yaran nan Ya tsaya musu. Ya Allah, baiwarKa ta yaye wa bayinKa ƙuncin ƙirji, Ka yaye mata ƙuncin kabari, Ka yalwata mata shi, Ka gafarta mata kurakuranta, Ka sa ciwon da ta sha ya zama kankarar zunubi. Ka sanya ta a Aljanna inda ba haki ba gajiya, mu kuma in tamu ta zo Ka sa mu cika da imani.

Kin sauke, 'yata. Allah Ya hutar da ke.