Injiniya Rabe da Kwana ta Uku

Duk Bahaushen da ke zaune a unguwar Longsight ta Manchester ya san ba a gayyatar Injiniya Rabe Ja'afar suna ko walima ranar Lahadi da rana. In ka gayyace shi zai yi maka addu'a, ya aiko da matarsa Hajiya Khairat da kular abinci, amma shi kam yana can bayan gari da dogon takalmin roba, yana aikin gyaran filin tseren babura.

Ni da shi ɗaki ɗaya muka zauna a shekarar 1998, lokacin da muka zo karatu Manchester. Ni ilimin haɗa magunguna na karanta, na gama na koma Birmingham, na zauna a Sparkbrook. Shi kuma injiniyan ƙasa ne, irin waɗanda ake kira su duba ko wuri zai ɗauki titi ko gada. Mutumin Funtuwa ne, ba ya hayaniya, kuma a iya sanina bai taɓa tuƙa babur ba.

Aiki ne ya fara kai shi filin a 2004. Kamfaninsu ya tura shi ɗebo samfurin ƙasa a gefen wani titi, sai ya hango ta cikin shinge wani tsohon Bature tsaye cikin taɓo, yana ta zagin ƙasa kamar mai faɗa da maƙwabci. Filin doguwar da'ira ce mai kamar ƙwai, shimfiɗe da jar tsakuwa, ruwa ya kwanta a ɗaya daga cikin kwanoninta. Rabe ya leƙa ya ce masa yumɓu ne a ƙarƙashin wurin, ko shekara zai yi yana sharewa ruwan ba zai tafi ba.

Tsohon ya kalle shi sama da ƙasa. "Shekara arba'in ina fama da kwana ta ukun nan," in ji shi. "Kai kuma daga bayan shinge ka gano ciwonta?"

"Ba ganowa na yi ba, Baba, yanzu na haƙa can gefe na gani."

Sunan tsohon Walter Pilling, shi ne mai kula da filin Brickfield. Ranar Asabar Rabe ya dawo da shebur. Suka haƙa lambatu mai zurfin gwiwa ta cikin kwanar, suka kwantar da bututu, suka rufe da manyan duwatsu. Ruwan sama na gaba da aka yi, wurin ya tsane kafin a gama shan shayi. Walter bai ce an gode ba. Cewa ya yi, "Gobe akwai tsere, ka zo ka ga abin da ka gyara."

Rabe ya bugo mini waya bayan ya dawo. "Sunusi, babur babu birki! Wallahi babu birki, giya ɗaya tal. Mutum huɗu, zagaye huɗu, minti ɗaya an gama. In sun zo kwana sai su karkatar da babur ɗin ya tafi a gicciye, ƙafar hagu a ƙasa, tsakuwa na feshi." Turawa na kiran wasan speedway. Na ce masa Allah ya kyauta, ina tsammanin zumuɗin mako guda ne.

Daga nan ya zama ɗan gida. Walter ya koya masa yadda ake karanta fili: a damƙi tsakuwa a hannu, in ta dunƙule sannan ta wargaje da ɗan taɓi, ta yi, in ta manne, masu tsere za su sha ƙasa. Ya koyi tuƙa tarakta, ya koyi yawan ruwan da za a fesa in rana ta fito. In la'asar ta yi sai ya shimfiɗa sallaya a rumfar tarakta, Walter ya tsaya a ƙofa yana kora masu neman sifana. "Rabbie na magana da Ubangijinsa, ku dawo bayan minti biyar."

Wurin Walter ya ji tarihin filin, gutsure-gutsure, a kan aiki. Da can wurin gasa bulo ne, shi ya sa yumɓu. A 1929 aka buɗe shi, ma'aikatan masaƙu suka riƙa cika shi har ana hawa bishiya don a gani. Yaƙin Duniya na Biyu ya rufe shi, sojoji suka ajiye motoci a ciki. Bayan yaƙi ya dawo da ƙarfinsa. Sai talabijin ta shiga gidaje, masaƙu suka mutu, babbar ƙungiyar ta watse. Aka bar filin wa masu yi don sha'awa: direbobin bas, masu gyaran famfo, wata ma'aikaciyar jinya da ke ba maza kashi. Ran da aka samu 'yan kallo ɗari uku sai a ce an yi kasuwa.

Hajiya Khairat ba ta so abin ba da farko. "Abban Ihsan," ta ce masa wata rana a gabana, "mutane na zuwa uni su zama farfesa, kai ka je ka zama mai shara. Dubi washing machine ɗina, kullum jar ƙasa." Ya yi dariya ya ce ai jar ƙasar tana tuna masa hanyar gonar kakansa. Ta ce to ya riƙa wanke hanyar gonar da hannunsa. Haka kuwa aka yi, har yau shi ke wanke kayan Lahadinsa a bokiti.

Walter ya rasu a 2016. Bayan jana'iza ɗansa ya zo Longsight da kwalaye goma sha ɗaya, ya jibge su a falo. Takardun jadawalin tsere ne tun na farko, da hotuna, da yankakkun jaridu. A saman kwali ɗaya tsohon ya rubuta: "A ba Rabbie. Ba ya zubar da komai."

Shekara biyu Rabe da 'yarsa Ihsan suna jera su bi da bi, ita tana ɗaukar hotonsu tana sakawa a kwamfuta. Sai suka tarar da giɓi. Daga 1951 zuwa 1957 babu ko takarda ɗaya, domin gobara ta taɓa cin ofishin filin. Kuma shekarun nan su ne na Len Hadfield, gwanin da tsofaffi ke ambata da murya ƙasa-ƙasa. An ce da ya bar tsere Birmingham ya koma, aikin masana'antar mota. Rabe ya bi diddigi har ya ji 'yarsa Maureen na nan da rai a Sparkhill, maƙwabciyar Sparkbrook.

"Sunusi, unguwarku ce, kai za ka raka ni."

Muka haɗu wata Asabar da hantsi a Stratford Road, muka bi wani layi a bayan shagunan yadi. Maureen ta haura saba'in da biyar, ita kaɗai ce Baturiyar da ta rage a layin. Ta buɗe ƙofa da sarƙa a maƙale, ta ga baƙaƙe biyu, ɗaya da hula zanna.

"In daga ƙaramar hukuma kuke, na riga na faɗa musu ba na son sabon kwandon shara."

"A'a, Mama," in ji Rabe. "Daga Brickfield nake. Ni ke gyaran filin. An ce mini mahaifinki ba ya bin cikin kwana ta uku, sai ya buɗe can jikin shinge, ya wuce mutane ta waje. Ina so in san dalili."

Ta tura ƙofar. Sai muka ji ƙarar sarƙa.

A ƙarƙashin gadonta akwai akwatin fata. Ciki da rigar tsere da ta bushe kamar ƙirgi, da takalmin ƙarfen da ake ɗaurawa a ƙafar hagu, ya goge har ya yi sheƙi, da littattafan aljihu bakwai. Len ya rubuta kowane tsere da fensir: wa ya ci, wa ya faɗi, yadda fili yake. Rabe ya buɗe ɗaya ya karanta a fili: "Cikin ta uku laka ce kamar kullum. Waje ya fi riƙo." Ya ajiye littafin ya yi ta dariya har ya share hawaye. Maureen ta ce tun tana yarinya ake ce mata jarumta ce ta sa babanta bin shinge. "Ashe taɓo yake gudu," in ji ta, ita ma ta fashe da dariya.

Ta ƙi ba shi littattafan, kuma bai roƙa ba. Sai ya riƙa hawo jirgin ƙasa duk Asabar ta biyu, ya zauna a kicin ɗinta ya kwafe shafi-shafi, tana ba shi labarin mutanen da ke ciki. Wata biyar ya yi yana wannan zirga-zirga. A gidana yake cin abincin rana, matata Batulu har ta san ranar da za ta ƙara tuwo.

A 2019 filin ya cika shekara casa'in. Ni na ɗauko Maureen a motata, tafiyar awa biyu tana gyara mini tuƙi. Rabe ya jera tarihin a rumfar tarakta, shekara bayan shekara, babu giɓi. Hajiya Khairat, wadda ba ta taɓa taka filin ba, ta zo da matan Longsight su takwas da kuloli na masa da miyar taushe da soyayyen nama. Tsofaffin 'yan tsere masu ɗingishi suka yi layi da faranti, suna tambayar sunan kowane abu suna kasa maimaitawa. Da baburan farko suka tashi, wata Hajiya ta toshe kunne tana salati, amma kafin zagaye na huɗu ta miƙe tsaye tana ihu wa mai jar hula.

Maureen aka ba tuta ta kaɗa a tseren ƙarshe. Da aka tashi ta ciro littattafan bakwai daga jakarta ta miƙa wa Rabe. Ta ce 'ya'yanta suna Australia, kuma ta san inda akwatin zai ƙare in ta mutu.

Yanzu gwiwa ta fara damun Injiniya, likita ya hana shi jan manjagara, don haka a kan tarakta yake wuni. Shekararsa ashirin da wani abu a filin, har yau bai hau babur ɗin ba ko sau ɗaya, ko da a tsaye yake. Makon jiya ya turo mini wani hoto na 1934: mutum shida jingine da baburansu, ya gano sunan biyar. Na shidan dogo ne mai gashin baki, ya ɗora hular kwanonsa a kan gwiwa. Wai an ce masa akwai wani tsohon makanike a wani gidan kula da tsofaffi kusa da Sparkbrook da zai iya gane shi.

"Shekararsa casa'in da huɗu, Sunusi," ya ce. "Kada mu ce sai bayan Sallah."

Na ce masa ya taho Asabar, zan jira shi a tasha.