Ragowar Furar Mahaifina

Shekarun baya da nisa, tun ƙasarmu tana cikin jihar Kano, daidai lokacin da naira ta zo ta kori fam da sule, ni ma na taɓa zama ɗan tauri. Na san waɗanda suka san ni yanzu za su yi dariya, kuma ba zan ga laifinsu ba. Ni ne mutumin da ko kaza aka ba shi ya yanka sai ya kau da kai. Tela ne ni a lokacin, a wani ƙauye da ke cikin duwatsun Roni, siriri kamar karan dawa, kuma ƙarfen da na saba da shi bai wuce allura da almakashi ba.

Mahaifina shi ne ladanin masallacinmu, mutum mara yawan magana. Yana da wata al'ada da bai taɓa fashinta ba. Kullum da hantsi mahaifiyata za ta dama masa fura a wani tsohon ƙoƙo da ya taɓa tsagewa aka ɗinke shi. Zai sha, ya rage kamar ludayi uku, ya ɗaga murya kaɗan ya ce, "Zo ka ƙarasa." Tun ina yawo ba wando nake amsa wannan kira, har na yi gemu na yi aure. Yayyena biyu sun sha kafin ni, amma ɗaya ya shiga soja, ɗayan kuma Legas ta riƙe shi, domin a shekarun nan kuɗin mai sun kwashe samarin garinmu kusan kaf. Sai ya zama ni kaɗai na rage masa. Mahaifiyata takan ce ba fura nake sha ba, albarka nake sha, ni kuwa ban taɓa ɗaukar maganar da nauyi ba.

Abin da ya kai ni tauri mari ne. Wata ranar kasuwa wani ƙato ya zo rumfata ya ce na ɓata masa riga. Kafin in buɗe baki ya zabga mini mari, ya sa ƙafa ya hankaɗe keken ɗinkina. Kasuwa cike take, amma kowa ya tsaya kallo. Sai ga abokina, wani mahauci da muka tashi tare, ya taho daga rumfar nama. Bai zagi mutumin ba, bai ɗaga hannu ba, tsayawa kawai ya yi a gefena. Ƙaton nan ya dube shi, ya ɗauki rigarsa ya sulale. Da muke ɗaga keken, abokina ya ce mini ba ƙarfinsa mutumin ya ji tsoro ba. Ya san dai shi ɗan tauri ne, idan ya taɓa shi, ya taɓa maza daga nan har Babura. Maganar nan ta fi marin daɗewa a kunnena.

Bayan 'yan makonni ya ja ni zuwa gangi, wato babban taron da 'yan tauri suke yi idan wani nasu ya rasu. A wajen Gwiwa aka yi shi. Na ga ana goga wuƙa a ciki tana lanƙwashewa, na ga makaɗa suna dukan talle, 'yar gangar nan tasu, maza suna kirari har jijiyar wuya ta fito. Amma abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Mamacin da aka taru dominsa talaka ne tilis, ba shi da ɗa ko ɗaya, ga shi kuwa fili ya cika da mutane, wasu ma daga tsallaken iyaka suka tako. Na tsaya ina ƙirga a zuciyata mutum nawa ne za su bar aikinsu domina, ban cika yatsun hannu ɗaya ba.

Abokina ya kai ni wurin sarkin taurin yankinmu, wani dattijo mai ido ɗaya da yake saƙar igiya a ƙofar gidansa. Ya tambaye ni abin da ya kawo ni. Na ce ina so wuƙa ta daina kama ni. Ya yi dariya har da tari, ya ce kowa haka yake faɗa ranar farko. Kwana bakwai ina zuwa ana ba ni garin magani a cikin kunu, mai ɗaci kamar maɗaci. A rana ta bakwai ya sa na dafa wuƙarsa na ɗauki alkawari: ba zan ci amanar ɗan'uwa ba, ba zan nemi matarsa ba, kuma duk inda na ji an kaɗa talle domin wani namu zan amsa. Sannan ya faɗa mini sharaɗin maganin. Kowa da nasa, ni nawa shi ne kada in ƙara cin ragowar wani, abinci ko abin sha.

"Ranar da ka ci saura," in ji shi, "ƙarfe ya san ka."

Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Wallahi har na kama hanyar gida ban tuna da ƙoƙon mahaifina ba.

Washegari da hantsi aka kira ni in ƙarasa, na ce cikina ke ciwo. Jibi na ce sauri nake yi. Daga nan na koyi ficewa daga gida tun kafin a dama furar. Na ɗauka dabara nake yi, alhali a gari irin namu ko akuya ta sauya turke sai an sani. Wata safiya ina ƙoƙarin fita da keken hawana, sai ya kira ni daga zaure. Na durƙusa. Bai tambaye ni inda nake zuwa ba, bai ambaci tauri ba.

"Wa yake hana wuƙa yanka?"

Na ce, "Allah, Baba."

"To, tun da ka san haka, me ƙoƙona ya yi maka da kake tsoronsa?"

Na sunkuyar da kai. Ya jira ni kaɗan, sannan ya ce in tafi kada in makara. Daga ranar bai sake kirana ba. Amma bai daina ragewa ba. Zai sha, ya bar ludayi ukun nan, ya rufe da faifai, idan rana ta yi mahaifiyata ta juye wa kaji. Duk ranar da na ga tana juyewa sai in ji kamar a fuskata take zubawa.

Kusan shekara biyu muka yi a haka, kuma ba zan yi ƙarya in ce ban ji daɗin tauri ba. Na ji daɗinsa ƙwarai. A kasuwa ba wanda ya sake ɗaga mini murya. Allura dai ba ta daina soke ni ba, da na kai ƙara wurin abokina sai ya ce allura ƙaramin ƙarfe ce, ba ta da hankalin gane magani. Makaɗa ma suka sa mini kirari, wai tela mai yankan da ba jini. A cikinmu akwai wani baƙo daga Nijar da ba shi da kowa a nan, akwai tsohon soja da ya dawo daga yaƙi ya kasa zaman gida, akwai wani Bafulatani da fari ya cinye masa shanu. Idan muka zauna a inuwa muna ɓare gyaɗa, ba mai zancen wuƙa. Zancen rufin ɗaki ake yi, da gayyar gonar wanda ya kwanta ciwo, da wanda matarsa ta haihu ba ragon suna. A shekarar farin nan, dawar da aka samo daga kudu a tsakaninmu aka raba ta da kwano, har gidanmu ta shiga, mahaifina ma ya ci tuwonta.

Ta wajen addini kuwa, na samo wa kaina amsa. Da fatiha muke buɗe taro, idan la'asar ta yi a ajiye wuƙaƙe a yi sahu. Nakan ce wa kaina ai magani saiwa ce da ganye, wanda ya halicce su shi ya sa musu amfani. Amsar tana gamsar da ni har sai hantsi ya yi. A lokacin ne nakan lura cewa in na makara sallar asuba raina ba ya tashi kamar yadda yake tashi idan na hango ƙoƙon nan a rufe. Wannan ne abin da ban iya faɗa wa kowa ba.

Ana nan aka sa ranar wani gangi a wajen Babura, aka ce a ranar ne zan fara shiga fili da kaina, a kaɗa mini, in goga wuƙa a gaban jama'a. Na ɗinka wa kaina sabuwar 'yar shara, ina ta gwada kirari a bayan gida inda matata ba za ta ji ba. Saura kwana huɗu mahaifina ya kwanta. Da ma tun bayan farin jikinsa bai koma daidai ba. Ba ya iya cin komai sai fura, ita ma sai an tallafe shi.

Kwana biyu da kwanciyarsa, da hantsi, ni ne na tallafe shi. Mahaifiyata ta riƙe masa ƙoƙon ya kurɓa sau biyu, ya ture ludayin. Sai ya sa hannuwansa biyu ya karɓi ƙoƙon daga hannunta, ya juyo da shi wajena.

"Zo ka ƙarasa."

Har yau ban sani ba ko zafin ciwo ne ya mantar da shi, ko kuwa yana sane. Na dubi furar. Na tuna ɗacin kwana bakwai, da sabuwar rigata, da mazan da za su taru jibi. Tsoro ya kama ni na gaske, irin wanda ban ji ba ko ranar da aka mare ni. Ƙoƙon kuwa ya karkace a hannunsa, furar tana neman zuba. Na karɓa na kafa kai, ban ajiye ba sai da na ga ɗinkin da ke gindin ƙoƙon.

Ya lumshe ido ya yi hamdala. Can ya ce, a hankali, "Ni ban hana ka 'yan'uwanka ba. Tsoron ne ban so maka ba."

Da azahar na hau keke na tafi wurin sarkin tauri, ina shirin a kore ni. Na durƙusa na faɗa masa komai. Ya daɗe yana murza igiyarsa bai dube ni ba. Sannan ya ce maganin kam ya karye, kada in kuskura in shiga fili, domin ba zai ɗauki alhakin jinina ba. Na ce na ji, na yunƙura zan tashi. Ya ce in zauna, ai bai gama ba.

"Ni a hannun maƙwabta na tashi," in ji shi. "Ban taɓa samun wanda ya rage mini komai ba. Da na samu, ƙila da ba ka same ni a nan ba. Magani ka karya, ba alkawari ba. Koma wurin tsohonka."

Ranar gangin, bayan an fito sallar asuba, mahaifina ya cika. Yayyena suna nesa, samarin gari ba su fi a ƙirga ba, ga ƙasar maƙabartarmu tsakuwa ce zalla, fari ya mayar da ita kamar dutse. Dattawa uku suka fara haƙa, diga tana tsalle tana dawowa. Na tsaya ina tunanin yadda za mu kai shi kafin rana ta take.

Ashe abokina ya tare jama'a a mararraba, suna kan hanyarsu ta zuwa Babura. Sai ga su, wasu a kan kekuna, wasu a ƙasa, sarkin tauri a bayan wani babur. A bakin gari suka kwance wuƙaƙensu da layunsu suka tara a gindin wata tsamiya, makaɗa suka rataye tallensu a reshe. Ba kirari, ba hayaniya. Suka karɓi diga daga hannun dattawa suna yi suna miƙa wa juna, tsohon sojan nan da baƙon Nijar su ne a cikin ramin har aka gama. Suka yi alwala suka cika sahu, har ya fita daga filin masallaci. Mutanen da mahaifina bai taɓa yarda da maganinsu ba, su ne suka ɗauki makararsa. A nan na yi kukan da na riƙe tun safe.

Ban sake shan magani ba, kuma ba wanda ya ce in sha. Na ci gaba da zuwa gayya da jana'iza da suna, ni ne kuma telansu har ƙarfina ya ƙare. Bayan wata biyu da rasuwar, ina fere rake wuƙa ta zame ta yanke ni a babban yatsa, jini ya yi ta zuba. Abokina ya ce to, tela, yau kam yankan da jini. Tabon yana nan har yanzu.

Idan yau aka tambaye ni ko tauri gaskiya ne, nakan ce na ga abin da na gani, Allah ne masani. Abin da na tabbatar shi ne, a duk waɗanda na zauna da su, ban san wanda wuƙa ce ta kawo shi ba. Kowa yana neman wanda zai tsaya a gefensa ne, ya kuma ji kunyar faɗa, sai ya ce ƙarfe yake tsoro. Yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya, kuma ina kewarsu sosai, har ɗacin kunun nan nakan yi kewa.

Ƙoƙon yana wurina, an ƙara masa ɗinki biyu. 'Ya'yana duk suna birni, ɗaya a Kano, ɗaya a Dutse, sai sallah suke zuwa. Amma kullum da hantsi idan na sha fura, hannuna da kansa yake tsayawa saura ludayi uku. Sai in rufe da faifai in ajiye a gefena, ko wani zai shigo.