Bidiyon da Yayana Ya Saka a Guruf

Mu uku ne adimin a guruf ɗin 'yan kasuwarmu na Lafia, kuma duk cikinmu ni na fi baki. Agushi nake sayarwa da shinkafa 'yar gida. Ta biyu 'yar Tibi ce, dillaliyar doya, rumfarta tana jikin tawa, Madam muke ce mata. Na uku Alhaji, Bafulatani dillalin shanu, mutumin da sai ka matsa kusa kafin ka ji abin da yake cewa.

Da can adimin ɗaya ne, wani malamin makaranta. Don farashin kaya da labarin hanya aka buɗe guruf ɗin, amma ina! Zaɓe ya zo, aka koma zagin jam'iyyu. Zaɓe ya wuce, aka kama yaƙin wasu ƙasashe da ko a taswira yawancinmu ba za mu iya nunawa ba. Wanda bai taɓa wuce Akwanga ba, shi ne zai yi mana bayanin abin da manyan ƙasashe ke ƙullawa. Malam ya goge saƙon wani, aka ce don addininsu ba ɗaya ba ne. Ya goge na wani, aka ce an saye shi. Bawan Allah ya gaji ya fita.

Shi ne muka zauna a rumfata muka kafa doka: adimin uku, kowa ya goge na gidansu. In Musulmin gari ya saka abin fitina, ni zan goge. In mutanen coci ne, Madam. In Fulani ne, Alhaji. Ba mai taɓa na wani, ko da ya gani da idonsa, don kada a ce wancan ɓangaren ne ya toshe wa wannan baki.

Dokar ta yi aiki, ni kuma na yi ta cika baki da ita. Ina cewa mai kamfanin manhajar nan da ke zaune a wata uwa duniya, ya za a yi ya gane zagin da aka yi da Hausa aka cakuɗa da Tibi da Turancin kasuwa? Mu muka san wanda wasa yake, mu muka san wanda neman tashin hankali yake. Har yau ban canza ra'ayi ba. Abin da ban lissafa ba shi ne ranar da mai laifin zai zama wanda nake jin nauyinsa.

Wata safiya ce a lokacin sabuwar doya. Madam ta tafi Adogi tun da sassafe da direbanta a akori-kura. Ina tsaka da auna wa wata mata agushi wayata ta hau ƙara ba ƙaƙƙautawa. Na duba. Bidiyo ne: bukkoki suna ci da wuta, shanu kwance, mata suna ihu. A ƙasansa an rubuta wai yanzu-yanzu a Adogi, manoman Tibi sun far wa rugar Fulani, a tura wa kowa.

Sai na ga lambar wanda ya saka. Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar babanmu, shi ya aurar da ni, jarin agushin nan ma daga hannunsa ya fito. 

Na sake kallon bidiyon. Akwai mota a gefe, lambarta ba irin tamu ba ce. Matan da ke ihu har da Faransanci a bakinsu. Ga wani dogon dutse a baya, wanda duk ƙasar Adogi babu irinsa. Ƙarya ce tsagwaronta, kuma a kallo na biyu na gane.

Alhaji ya kira ni.

“Hajiya, kin gani?”

“Na gani, Alhaji.”

“Na kira 'yan'uwana a can. Tatsa suke yi, lafiya lau. Na faɗa a guruf, an ce wai an ba ni wani abu ne. Wannan naki ne, Hajiya. Ni ba ni da hurumin taɓawa.”

Na ce masa yanzun nan. Amma ban goge ba. In adimin ya goge saƙo, wayar kowa tana nuna wanda ya goge, kuma mutum sama da ɗari za su ga ƙanwa ta share maganar yayanta a bainar jama'a. Sai na ce bari in kira shi, ya cire da hannunsa, mutuncinsa ya tsira.

Sau uku ina kira kafin ya ɗauka. Na gaishe shi, har da tambayar iyali, don ban san ta inda zan faro ba.

“Yaya, bidiyon nan fa ba na Adogi ba ne.”

“Ke kin je Adogin?”

“Ban je ba, amma ka dubi lambar motar.”

“Wanda ya turo mini mutumin kirki ne, tare muke salla. Yanzu ke ce za ki koya mini gaskiya da ƙarya? To ki goge mana, tunda kin zama hukuma.”

Ya kashe wayar. Na zauna a kan buhu. Mai sayen agushi ta gaji da jira ta tafi. A layinmu an fara jan ƙofofin shaguna, wata mai tumatir tana ta ƙwala wa ɗiyarta kira. Ni kuwa ina nan ina duban wayar kamar za ta goge kanta.

Sai ga saƙon murya daga Madam, ni kaɗai ta turo wa. A bayan muryarta ina jin ƙarar babura.

“Hajiya, ba komai a nan, wallahi ba komai. Amma direba ya ce samari sun fara taruwa a hanyan gari. Ka cire abin nan. In ni na cire, za su ce Tibi yana ɓoye gawa. Abeg, Hajiya.”

A nan kunya ta kashe ni. Na danna, na goge. Na yi saƙon murya, na ce ni ce, ƙanwar wanda ya saka, bidiyon ƙarya ne, daga wata ƙasa yake, duk wanda ya sake sakawa zan fitar da shi ko ubana ne. Na duba lokaci. Minti arba'in tsakanin kiran Alhaji da gogewata.

Minti arba'in kuwa ya ishi bidiyon tafiya. Ya shiga guruf ɗin 'yan tasha, ya shiga na 'yan acaɓa, har na matan unguwarmu a Bukan Sidi. A can ba ni da iko ko na sisin kwabo. Kowane guruf da nasa adimin da tasa dokar. Ni da Alhaji muka raba lambobi muna bin su ɗaya-ɗaya. Wani ya goge nan take. Wani ya ce sai ya tambayi shugabansu. Wani wayarsa a kashe. Na kira Madam ya fi sau goma, ba ta ɗauka ba. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Bayan azahar akori-kurar ta shigo kasuwa. Gilashin gaba ya tarwatse. Direban ya sauko. Madam ta fito, ta ɗaure goshinta da ɗankwali, jini ya bushe a gefen kunnenta. Jifa aka yi musu a mashigar gari, Allah ya sa direban bai tsaya ba, kuma wasu dattawa suka fito suka kore samarin.

Na rugo na kama hannunta ina sannu, ina kuka. Na kawo mata ruwa. Ta sha, ta zauna a bencin da muke cin abinci tare kullum. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi, da na fi samun sauƙi. Ta ciro wayarta ta nuna mini guruf ɗin.

“Tun da bidiyon ya shigo na gani, Hajiya. Hannuna yana kai. Sau ɗaya zan danna ya tafi. Na ce a'a, na Hajiya ne, Hajiya zai cire.”

Na ce, “Madam, yayana ne.”

“Na sani,” in ji ta. “Bara da ƙanin mijina ya saka nashi, minti nawa na yi?”

Na tuna sarai. Ina kusa da ita ranar, tuwo muke ci. Ko hannu ba ta wanke ba ta goge shi, kuma wata biyu dangin mijinta ba su amsa gaisuwarta ba.

 Madam ta tashi ta je sauke doyarta.